Goggon Kwamfuta da Faifan da Aka Farfasa

Bakwai saura kwata babur ɗin maigidanta yake tsayawa a ƙofar makarantar makafi. Ta sauko da baƙar jakarta, wadda zif ɗinta ya mutu tun tuni take ɗaure bakin da igiyar tsohuwar caja, ta gaisa da mai gadi, ta tambaye shi ya ƙafa. Daga nan ba ta tsayawa sai ɗakin ƙarshe na doguwar baranda, wanda ke kusa da famfo. Ta buɗe tagogi, ta yaye tsofaffin zannuwan gadon da take lulluɓe injuna da su, ta goge tebur. Sannan ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya tana kunnawa, kai a karkace, tana sauraro. Ta ce daga kukan fanka take gane wadda ta kwana lafiya da wadda ke shirin ɓata mata rana. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana shiga ƙofar nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

A takardar ɗaukar aiki, mai buga tafireta ce. Har gobe haka yake rubuce a fayil ɗinta, don babu wanda ya taɓa tunanin gyarawa, abin da ke ci mini rai ke nan duk sanda na tuna. Lokacin da aka kawo wa makarantar kwamfutocin farko kyauta, wata uku suka yi a kwali, manyan malamai na leƙensu daga nesa, kowa na tsoron kada abu ya lalace a hannunsa. Ita ce ta gaji da gani, ta ɗauki littafin da ya zo da su ta tafi da shi gida, ta dawo ranar Litinin da sukundireban maigidanta. Ba ta taɓa zama ajin koyon gyara ba. Ta ƙona abu, ta sha faɗa, ta sake gwadawa, har ta kai ko shugaban makaranta in allonsa ya ɗauke sai ka ji yana cewa a kira masa Goggon Kwamfuta. Sunan ya bi ta, yara da manya Goggo suke ce mata.

A gida kuma Maman 'Yan Biyu ce. Maigidan, tsohon direban motar asibiti, mutum mai barkwanci, ya ce shi kaɗai ne magidancin da ke leƙa kofi kafin ya zuba shayi, tun ranar da ya kurɓa ya ji 'yan kusoshi uku a bakinsa. 'Yan biyun, duka mata, sun tashi a kan teburin cin abinci da rabinsa faranti ne, rabinsa hanjin kwamfuta. Ɗaya yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ɗaya tana koyar da lissafi. Duk ƙorafin maigidan a baki ne kawai. Shi ke kai ta, shi ke ɗauko ta, kuma in ka kuskura ka ce a gabansa gyaran kwamfuta ba aikin mace ba ne, ranar za ka sha tarihin da ba ka tambaya ba.

Goggo tana da dokoki, kuma ba ta wasa da su. Ba a shiga ɗakinta da ruwa. Ba a fizgar waya daga soket. Babbarsu ita ce dokar guduma. Ta taɓa sayen tsohon faifan ajiya a kasuwa, wato ƙarfen nan mai girman ƙaramin littafi da kwamfuta ke adana komai a cikinsa, ta jona, sai ga hotunan iyalin wani bawan Allah da takardun asibitin matarsa. Abin ya tsaya mata a rai. Tun daga nan ta kafa cewa duk faifan da aka cire daga kwamfutar makaranta ba ya kwana: a ranar za a kai shi bayan ɗaki, a ɗora a kan dutse a farfasa, don sirrin 'ya'yan mutane ne a ciki. Kowa ya san dokar, kowa ya yaba. Ita ce kuma ta kusa jawo babbar asara shekara huɗu da suka wuce.

A kusurwar ɗakin akwai wata babbar kwamfuta mai launin toka. Ita kaɗai ce ke iya sarrafa injin ɗigo, injin da ke dannan takarda mai kauri ya fito da rubutun da makafi ke karantawa da yatsa. Injin ya tsufa, an ma daina ƙera irinsa, kuma sai da Goggo ta shekara biyu tana saiti kafin shi da kwamfutar su fahimci juna. Faifai biyu ne a cikinta, kowanne da babbar manhajarsa, in an kunna sai ta tambaya wanne za a shiga. Na farko na aikin ofis ne, an daɗe da daina amfani da shi. Na biyu shi ne na injin ɗigo, a nan saitin yake, tare da littattafai sama da ɗari biyu da aka mayar rubutun makafi. Wani injin irin wannan, sai ka yi tafiyar yini guda kafin ka same shi.

A shekarar, ɗalibai goma sha ɗaya ne za su zauna jarrabawar fita. Goma matasa ne. Na sha ɗayan magidanci ne mai shekara talatin da tara da 'ya'ya huɗu, ana ce masa Mai Walda, don sana'arsa ke nan kafin wani haɗari a wurin aiki ya tafi da idanunsa biyu. Yatsun da suka shekara ashirin suna riƙon ƙarfe mai zafi sun yi kanta, ba sa jin ɗigo. Wata shida ya yi yana jiƙa su a ruwan ɗumi yana gurzawa da dutsen goge kaushi kafin ya iya bambance harafi da harafi. Kwalejin horar da malamai ta yi masa alkawarin gurbi in ya ci, amma ba ta ɗaukar wanda ya cika arba'in. In wannan zama ya wuce shi, babu wani.

Makon jarrabawar Goggo ba ta nan. 'Yarta mai koyar da lissafi ta haihu, an yi mata aiki, Goggo na asibiti tana jinya. Kafin ta tafi ta gwada komai, injin na aiki lafiya lau, ta manna takardar ayyukan da za ta yi in ta dawo a bango, kamar yadda ta saba. Layi na huɗu cewa ya yi: "Faifai na farko ya gaji, a cire." Mataimakin shugaban makaranta mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin aiki a rubuce su bar shi ya kwana. Ana gobe jarrabawa, bayan an tashi, ya shiga duba ɗakin, ya karanta, ya ce bari ya rage wa Goggo wahala. Ya kwance murfi, ya zare faifan tsaf, ya rufe. Da yake kuma mai bin doka ne, ya zagaya baya da guduma ya yi masa raga-raga, har da share wurin. Ya tafi gida yana jin daɗin kansa, bai kunna ya gwada ba.

Ƙarfe takwas na safe jami'ar hukumar jarrabawa ta iso da tambayoyin a filashi, ɗan ƙaramin abin ajiya da ake jona wa kwamfuta, cikin ambulan mai hatimi. Tsarin shi ne a buga su a gabanta, ƙarfe sha ɗaya a fara tare da sauran cibiyoyi. Cibiyar da ba ta fara ba har sha ɗaya da rabi, a rubuta ɗalibanta ba su zo ba. Mataimaki ya danna maɓalli yana murmushi. Fanka ta yi kuka, allo ya yi baƙi, sai ga layi ɗaya na farin rubutu yana cewa babu inda kwamfutar za ta tashi. Ya kashe ya kunna. Ya sake. A karo na biyar gumi ya gama jiƙa masa wuyan riga.

Goggo na riƙe da jikarta mai kwana uku a duniya wayar Mataimaki ta shigo. Ta saurara har ya kai aya, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Faifan yana ina?"

Mataimaki ya fara kame-kame.

"Malam, faifan yana ina?"

"Goggo... dokarki na bi."

Ta runtse ido. Ta miƙa wa 'yarta ma'aikaciyar jinya jaririyar, ta ce a waya, "Kada wanda ya sake taɓa ta. Ko ƙura kada a goge." Ta leƙa waje inda maigidan ke gyangyaɗi a benci. "Baban 'Yan Biyu, tada babur."

"Ikon Allah," in ji shi, yana laluben makulli. "Shekara talatin ina kai marasa lafiya wurin likita, yau likita zan kai wurin mara lafiya."

Tara saura minti ashirin ta shiga ɗakin, ta tarar da Mataimaki da waya a kunne da wani filashi a hannu. Yana ganinta ya tare ta da albishir. "Surukina mai shagon waya ya ce abu ne mai sauƙi. A wanke ta a loda sabuwa, minti arba'in an gama."

"In an wanke ta za ta tashi, Malam, tas da ita kamar sabuwa," in ji Goggo, tana kwance igiyar jakarta. "Sai dai ba za ta san injin ɗigo ba, shi ma ba zai san ta ba. Shekara biyu na yi ina haɗa su. Kana da shekara biyu kafin sha ɗaya?"

Mataimaki ya sauke wayar a hankali, ya cusa filashin a aljihu.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa da sanda. Mai Walda ne, ya baro sauran ɗaliban a baranda, ya tsaya a bakin ƙofa da rigarsa mai sabuwar guga. "Goggo, ni ba yaro ba ne, ki faɗa mini gaskiya. In babu, in koma in gaya wa uwar yara tun da wuri."

"Littattafanku suna nan, ba abin da ya taɓa su," ta ce masa. "Akwai wata 'yar mitsitsiyar manhaja, masu aikin suna ce mata butloda. Ba ta da wani aiki sai in an kunna kwamfuta ta kama hannunta ta kai ta ƙofar faifan da za ta shiga. To ita a faifai na farko take zaune, shi ne aka fasa."

"Wato ɗan jagoranta aka kashe?"

"Shi kuwa. Wani zan yi mata."

Mai Walda ya girgiza kai. "Ni shekara uku ke nan da na sallami nawa. Ashe ita, da tsadarta da komai, taku ɗaya ba ta iya yi ba shi."

Aka yi dariya, har jami'ar ta murmusa. Abin da Goggo ba ta faɗa ba shi ne, bugun takardu goma sha ɗaya zai ci kusan awa guda, don haka in goma da minti ashirin ta yi injin bai fara ba, an gama. Kuma ba ta taɓa yin wannan aiki da agogo a kanta ba. Tsoro ta ji, tsoro sosai, amma ta ja kujera.

Ta zaro nata filashin, wanda ke ɗauke da wata ƙaramar manhajar ceto, ta tada kwamfutar da shi. Ta leƙa faifai na biyu, komai na nan yadda ta bar shi. Maimakon ta shiga gyara, sai ta jona wani faifan daga jakarta ta fara kwafe saitin da littattafan. Allo ya nuna rabin awa.

"Goggo, lokaci!" in ji Mataimaki, kamar zai yi kuka.

"Yanka zan yi a jikin faifan nan, Malam. In hannuna ya goce, kwafin nan ne kaɗai zai rage mana."

Jami'ar ta duba agogonta. "Hajiya, ni fa ba ni na kafa doka ba. Sha ɗaya da rabi na yi zan rufe ambulan."

"Na sani, ranki ya daɗe. Ki yi aikinki, in yi nawa."

Da kwafin ya cika ta matsa kayan faifan kaɗan, ta yanki ɗan wuri a ƙarshensa, ta shiga rubuta sabon ɗan jagora a ciki. Nan aka ga amfanin tafireta. Yatsu goma ke gudu a kan maɓallai, ido na kan allo, ba ta duba hannu ko sau ɗaya ba. Goma saura minti ashirin ta zare filashi, ta kashe, ta kunna. Sai ga layin nan na ɗazu, ko harafi bai canja ba. Mataimaki ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Goggo ko a jikinta, ta san wannan. Kwamfutar har yanzu tsohon faifan take nema a wurin da ta saba samunsa. Ta shiga saitin can ƙasa, wanda ake shiga kafin komai ya tashi, ta ɗauko sabon ɗan jagoran ta sa shi a sahun farko. Ta kunna. Rubutu ya fara gudu a allo, Mataimaki ya miƙe yana hamdala, maigidan da ke leƙe ta taga har ya fara tafi. Sai rubutun ya tsaya cak. Aka jira minti ɗaya, aka jira na biyu. Goma saura biyar, allon ya koma baƙi.

Wannan karon ba ta san dalili ba. Ta cire tabarau, ta ɗora hannuwa a cinya. Waɗanda ke ɗakin sun rantse sun ɗauka ta sare. Tunani take yi, tana bin hanyar da kwamfutar ke bi taku bayan taku. Jagoran ya yi aikinsa, ya kai ta ƙofa, ta shiga. To me ta tsaya jira a ciki? Sai ta tuna. Shekara tara baya, ita da hannunta ta rubuta wa manhajar jerin faifan da za ta nemo kafin ta buɗe, don a riƙa ɗauko takardun ofis daga wancan ɓangaren. Faifan da aka fasa yana cikin jerin, shi take jira, kuma ba zai zo ba. Ta mayar da tabarau, ta sake shiga da filashi, ta nemo jerin, ta goge layinsa, ta nuna wa manhajar sabon wurin da ta yanka. Ta duba sau biyu, ta yi bismilla, ta kunna.

Kwamfutocin makafi magana suke yi. Goma da minti sha biyu muryar nan ta ƙarfe da ke karanta musu allo ta ce barka da zuwa, kuma ɗaliban da ke baranda sun riga na cikin ɗakin ji. Ihun da suka yi har mai gadi sai da ya rugo da ƙafarsa mai ciwo. Goggo ba ta ɗaga kai ba, don saura gwaji. Ta buga layi ɗaya ta aika wa injin ɗigo. Ya yi gyaran murya, ya ɗauki ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, ya turo takarda. Ta yage ta miƙa wa Mai Walda, wanda har lokacin bai bar bakin ƙofa ba. Ya ɗora yatsunsa, ya karanta da ƙarfi.

"Je... ka... zauna... ka... ba... ni... wuri."

Ya kece da dariya, hawaye na bin kuncinsa. Jami'ar ta fasa hatimi, aka fitar da kowa, injin ya shiga aiki ba ƙaƙƙautawa. Sha ɗaya da kwata shafin ƙarshe ya faɗo. Sha ɗaya da minti ashirin da ɗaya ta tsaya a gaban mutum goma sha ɗaya ta ce, "Ku fara."

Da shugaban makaranta ya nemi jin wanda ya yi wannan ɓarna, Mataimaki ya buɗe baki zai yi magana, Goggo ta riga shi. "Ni na rubuta a cire, ban rubuta a jira ni ba. Dokar guduma ma tawa ce." Ta ɗaure jakarta, ta haye babur ta koma wurin mai jego, ko ruwa ba ta tsaya sha ba. Mataimaki da bakinsa yake ba da labarin nan har yau, kuma ba ya tsallake wurin da ya zauna a ƙasa.

Goggo, ke ce wadda ba a gani a hoton ranar yaye ɗalibai, don kina can kina riƙe da wayar lasifika kada ta zare. Ke ce kika ƙi hanyar minti arba'in ranar da kowa ke roƙon ki bi ta. Ke ce kika tsaya kwafe wahalar mutane kafin ki sa wuƙa, agogo na ci, ana yi miki kallon mai taurin kai. Kin ɗauki laifin da kina iya turawa, kin bar wa wani mutuncinsa. Uwar injuna, mai kunnen jin ciwon ƙarfe, sannu da aiki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki, ya raya jikokinki. Baban 'Yan Biyu, kai ma sannu da jigila.

Ku kuma masu karatu, kusan kowane wurin aiki yana da irinta, mutumin da ba a tunawa da shi sai allo ya yi baƙi. Ku neme shi yau da komai ke aiki ku ce masa sannu. Masu tasowa a sana'ar nan, ku ɗauki halinta: ku tambaya kafin ku taɓa, ku kwafe kafin ku yanka, kuma in an ce muku a wanke kawai, ku fara sanin gumin wa ke ciki.

In kun zo yi mata ban kwana ranar Alhamis, ku ɗan dakata a aji na uku da ke kan barandar. Za ku ji muryar wani magidanci yana cewa yara su sa yatsa a layi na farko, kada su danna da ƙarfi. Kada ku ce Mai Walda kuke nema, yaran ba za su gane ba. Ku ce Malam.